Baƙin Man Kawu da Bishiyoyi Arba'in

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yaran gaba ɗaya. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a aikinki, ya raya mana yaran bisa hanya mai kyau. Mu nan muna lafiya, sai kewarku. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma fita da kansa, sai dai maganin ne ba ya sha kan lokaci in ba an tsaya a kansa ba. Inna kuwa tarin nan bai rabu da ita ba, amma akwai ɗan ci gaba: a makon jiya sau biyu ta nemi abin shaƙarta, alhali a makon da ya gabace shi sau biyar ne. Ina rubutawa a jikin kalanda, don in an je wurin likita mu faɗi adadin daidai, ba kintace ba.

Yaya, Inna ta gaya mini kin kira ranki a ɓace, wai labari ya iso miki cewa na ci mutuncin Kawu a bakin garejinsa, a gaban mutane. Na neme ki sau uku, biyu layi bai shiga ba, na ukun kuma kina wurin aiki. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro, tunda waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ina roƙonki ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci, domin ni ma raina bai gama hucewa ba.

Kin san ofishin kula da muhalli na birni ya ɗauke ni aikin gwaji na wata uku. Abin da ban gaya miki ba shi ne sharaɗin. Shugabar sashenmu, wata mata mai ƙarancin magana da ke kallon mutum ta saman tabarau, ta ba kowannenmu titi ɗaya da dashe arba'in. Ranar da aka cika kwana casa'in za ta zo da kanta ta ƙirga. Wanda talatin nasa ke raye za a tabbatar masa da aiki, wanda bai kai ba kuwa ya nemi wani wurin. Ni da bakina na roƙa a ba ni titinmu, saboda Inna. Ba ki ga yadda ya koma ba tun da aka karkato manyan motoci ta nan. Wata safiya na zauna a ƙofar gida na ƙirga abin hawa ɗari shida da goma sha biyu cikin awa ɗaya, tirela talatin da ɗaya a ciki. In na goge dakalin tagar Inna da farin ƙyalle da safe, kafin yamma in na sake gogewa sai ya fito kamar na share gindin tukunya. Wannan take shaƙa kullum.

Ban taɓa yi wa kowa alƙawarin cewa bishiya za ta warkar da Inna ba, kuma na gaya wa mutanen layi haka tun farko. Ganye yana tare wani kaso na baƙin ƙurar da hayaƙi ke ɗauke da ita, inuwa tana rage zafin kwalta, shi ke nan. Matuƙar motoci na fitar da hayaƙi, bishiya taimako ce kawai, kuma sai ta shekara uku ko huɗu kafin a ga amfaninta. Amma ko kaɗan ne, a bakin tagar mai tari yana da daraja. Saboda haka na yi komai bisa ƙa'ida. Na auna faɗi da zurfin kowane rami da tef, na bar tazara tsakaninsu don kada in sun girma su rufe titin su kulle hayaƙin a ƙasa. Na rataya wa kowace lambar ƙarfe, daga ɗaya zuwa arba'in, na buɗe mata shafi a littafi. Na raba wa masu shaguna ranakun ban ruwa, na bi su da roƙo kada a zuba ruwan wanki.

A nan dole in faɗi gaskiya a kan Kawu, domin babu wanda ya taimake ni kamarsa. Ranar dashe ya rufe gareji rabin yini, ya kama diga da kansa. Shi ya yi waldar keji arba'in da tsofaffin rodi don kada awaki su ci, bai bari na ko gode masa yadda ya kamata ba. Ya laƙaba mini suna Likitar Bishiya, kuma duk wanda ya kawo mota sai ya nuna masa ni, ya ce ga 'yar 'yar'uwarsa da ta yi shekara huɗu a jami'a don ta koyi abin da kakarsa ke yi da tsohon gwangwani. Ina dariya, don na san cikin alfahari yake faɗa.

A kwana na talatin da takwas na lura lamba ɗaya zuwa goma sha huɗu, waɗanda ke daga garejin zuwa ƙofar gidanmu, ganyensu ya soma rawaya yana langwaɓewa. Sauran kuwa shar da su. Yaya, kin san halina. Kaina na fara zarga. Na koma littattafan makaranta, na sake auna ramukan, na duba ƙarƙashin ganye ko ƙwari ne, na tambayi tela da mai kanti ko sun tsallake ranar ruwa har tela ya ji haushi. Abinci ya daina shiga. Sai a kwana na arba'in da ɗaya, ina ba lamba shida ruwa, na ga ruwan ba ya nutsewa, yana taruwa a sama yana wani ƙyalli mai launi-launi. Na sa yatsa na tone yashin da ke sama. Abin da ke ƙasa baƙi ne ƙirin, mai danƙo, kuma warinsa babu inda na san shi sai garejin Kawu.

Da na tambaye shi, cikin ladabi, ko wani ya zubar da baƙin mai a wurin bisa kuskure, sai fuskarsa ta washe. Ya ce ba kuskure ba ne, shi ne, kuma da ma yana jira ya ga ranar da Likita za ta gano. Wai ya ga gara tana gini a jikin katangar bayan gareji, ya tuna duk katakon da ya shafa wa baƙin mai shekara ashirin gara ba ta taɓa shi ba, har ginshiƙan rumfarsa shaida ne. Don haka duk motar da ya canza wa mai, sai ya tara a galan, ya bi bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana tsiyaya musu rabin gwangwani a gindi, ya rufe da yashi don wurin ya yi kyau. Bai gaya mini ba ne saboda alheri ba a yi masa shela. Ya ma ba ni haƙuri cewa goma sha huɗu kawai ya samu ya yi, kasuwa ba ta buɗe sosai ba a watan, amma sauran ashirin da shidan suna nan a ransa.

Na yi masa bayani a hankali cewa katako matacce ne, bishiya kuwa da saiwa take sha, da ita take numfashi, mai yana toshe ƙasa ya shaƙe ta. Ya saurare ni har ƙarshe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wai rawayar da nake gani alama ce gara ta riga shi shiga, ya makara ne, shi ya sa ya kamata a gaggauta yi wa sauran tun da wuri, rigakafi ya fi magani. Na tafi wurin Baba, ya ce shi ba ya shiga tsakanin mutum da surukinsa, ya ƙara wa rediyo murya. Na tafi wurin Inna, ta ce ƙaninta tun yana ƙarami in ya kafe sai dai a bar shi ya ci karo da bango, kuma in yi masa hannunka mai sanda kawai, kada in manta shi ya goye ni ranar da aka kai ni makaranta. Kwana uku ina hannunka mai sanda, galan ɗin nan yana ƙara cika a gefen ƙofarsa, ina ganinsa duk lokacin da na wuce.

A rana ta huɗu na ɗauki shebur na tafi da sassafe, lokacin babu kowa a garejin sai shi. Ki lura da wannan, Yaya, babu kowa. Na tone lamba uku da ta riga ta bushe, na ɗora a kan bencinsa. Na roƙe shi ya nuna mini gara ko ɗaya. Ya juya saiwar, ya murza ta da yatsa ta narke kamar jiƙaƙƙen kwali, ya shinshina. Daga baya ya ce ashe injin ya sha mai ta inda bai kamata ba. Sai ya ɗauko diga da baro. Kwana biyu muka yi muna kwashe gurɓatacciyar ƙasa muna zuba sabuwa, shi da bayansa mai ciwo, ya hana ni ɗaukar baro. Huɗu suka farfaɗo, goma suka tafi. Saura talatin cif, babu rarar ko ɗaya.

Daga nan na koma kamar mai gadin asibiti. Kullum sau biyu nake zagaya su. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a kwana na saba'in da tara wata tirela ta zo juyawa ta baya, ta bi ta kan lamba talatin da uku da kejinta, ta wuce abinta. Mai kanti ya ce ya ɗaga wa direban hannu amma bai ko leƙo ba. Na tsaya a wurin ina kallon karyayyen kara, na ƙirga da yatsa kamar ban iya lissafi ba. Ashirin da tara. Kin san abin da Kawu ya ce da ya zo? Ya ce to alhamdu lillahi, yanzu dai kowa ya shaida ba shi ya kayar da ni ba, tunda nasa goma ne, kuma goma ofis ya yarda a rasa. Wai shi bai ƙetare ƙa'ida ba, direban tirela ne ya yi wuce gona da iri. Na cije leɓe na koma gida.

Yanzu na zo kan abin da aka kawo miki. Ana gobe ƙirga, da hantsi, Kawu ya aiko a kira ni. Na tarar da motar ɗaukar kaya a bakin gareji, a bayanta dashe goma sha ɗaya, kore shar, tsayinsu daidai da nawa. Ashe ya auna nawa da igiya ya tafi wurin masu renon itatuwa ya zaɓo sa'o'insu. A hannunsa kuma ga filaya da lambobin matattun nan goma sha ɗaya, ya wanke su da fetur suna ƙyalli. Akwai mutum shida a wurin, masu jiran mota huɗu da tela da mai kanti. Ya ce a sana'arsu abin da ya mutu cire shi ake yi a sa sabo, kuma bai taɓa ganin mai mota ya tambayi fulogi ranar haihuwarsa ba. In dasa su yau, a rataya musu tsofaffin lambobi, gobe Hajiyar tabarau ta ƙirga arba'in ta buga hatimi, kowa ya huta. Mutanen wurin suka ce wallahi dabara ta yi, tela har da tafi.

Yaya, ba zan ɓoye miki ba, na yi sha'awar abin. Na tuna wata goma sha huɗu da na yi a gida bayan gama makaranta, da takardun neman aiki ashirin da bakwai da na rubuta. Na san kuma ba don kansa ya yi ba, nauyin abin ne ke cinsa. Amma ƙirgar nan ba don a ga kore ake yin ta ba. Ofis yana so ya san abin da ke kashe dashe a titi irin namu, don a kiyaye a sauran tituna. In na rubuta arba'in, na ce kenan babu abin da ya faru, gobe wani bakanike mai kyakkyawar zuciya a wata unguwa ya ɗauki nasa galan. Ga abin da na faɗa, kuma ban ƙara ko rage ba: na gode masa, na ce zan dasa su duka yau ɗin nan, amma da sababbin lambobi, arba'in da ɗaya zuwa hamsin da ɗaya, da kwanan watan yau, domin ba zan fara aiki da rahoton ƙarya ba. Wannan kalma ta "ƙarya" ita ce ta ɓata komai. Ya ce ashe shi maƙaryaci ne, ya ajiye filayar a kan bonet ya shige ciki. Na yarda ya kamata in ja shi gefe kafin in yi magana, in kuma zaɓi wata kalmar. Wannan kuskurena ne, na je har gida na durƙusa na ba shi haƙuri a kansa. Amma ban ɗaga murya ba, ban nuna shi da yatsa ba, kuma lambobin ban mayar ba.

Washegari shugabar ta zo da littafinta. Ta bi layin a ƙafa, tana kankare ɓawon kowace da farce ta ga ko ɗanye ne. Ta samu ashirin da tara, kamar yadda na rubuta. Ta tsaya a kan sababbin, ta karanta lambobinsu, ta dube ni ta saman tabarau. Ta karanta shafin da na bayyana dalili: goma baƙin mai, ɗaya tirela. Ban sa sunan kowa ba. Tana tambayata yadda man ya kai gindin bishiya, sai ga Kawu ya fito daga gareji, wanda tun jiya bai amsa gaisuwata ba. Ya ce mata kada ta wahalar da yarinya, shi ne ya yi, da hannunsa, da kyakkyawar niyya, kuma in akwai wanda za a kora to shi ne, sai dai ba a ɗauke shi ba balle a kore shi. Ta tambaye shi ko sauran makanikai ma suna yin haka. Ya ce ai kowa ya san maganin gara kenan, shi ma a wurin maigidansa ya koya. Ta daɗe tana rubutu.

Ba a tabbatar da ni ba, Yaya. Sharaɗi talatin ne, ban kai ba, kuma ta ce ba za ta canza shi saboda ni ba. Amma ba ta sallame ni ba. Ta ƙara mini wata uku na gwaji, za a sake ƙirga, sababbin goma sha ɗayan a ciki. Ta kuma ɗora mini wani aikin: in bi garejin da ke titunan da aka yi dashe, guda goma sha tara, in yi musu bayani a kan baƙin mai da inda ya kamata a tara shi. Abokan gwajina biyar sun karɓi takardunsu a makon jiya. Na taya su murna, na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska. Don haka ina roƙonki, duk wanda kika riga kika gaya wa ƙanwarki ta samu aiki, ki ce masa tukuna.

Abin da ya fi ƙona mini rai yanzu kuwa shi ne Kawu ya naɗa kansa direbana. Ya ce makanikai ba za su saurari yarinya mai littafi ba, kuma da gaskiyarsa, gareji biyun da na je ni kaɗai ko kujera ba a ba ni ba. Yanzu mun yi goma sha ɗaya tare, har da waɗancan biyun da muka sake komawa. Kafin in buɗe baki ya riga ya tara su, ya ce su dube shi da kyau, shi ne mutumin da ya kashe bishiya da hannunsa, ya ɗaga busasshiyar saiwar da yake yawo da ita a leda. Suna saurarensa shiru, har masu galan a ajiye suna sunkuyar da kai. Sai dai a gareji na farko goma ya ce ya kashe. A na biyar sun zama ashirin. Jiya na ji da kunnena ya ce hamsin, alhali arba'in muka dasa gaba ɗaya, kuma wai shi ya gano illar da kansa bayan dogon bincike, Likita ta zo ta tabbatar. Na gyara masa a mota, ya ce in bar shi, goma ba ta tsorata bakanike. Ni da aka ƙara wa wata uku saboda na ƙi ƙara ɗaya a kan ashirin da tara, ga ni zaune a gefe ina jin ana ƙara arba'in a kan goma.

To kin ji yadda aka yi. In kin kira shi, kada ki yi masa faɗa, kada kuma ki ba shi haƙuri a madadina, mun riga mun shirya. Ki gode masa kawai, domin ya cancanta. In kin ga fuska, ki roƙe shi ya sauko ko zuwa goma sha biyar ne, tunda ke yana jin maganarki. Saura mana gareji takwas, kuma a yadda yake tafiya ina tsoron kafin mu gama zai kashe daji guda.

Ki gaishe mini da maigidan da kyau, Allah ya ƙara buɗi. Ki shafa mini kan Babban Yaya da Kyauta da 'yar autarki mai kukan wanka, ki ce ina nan ina jiran hotonsu. Baba da Inna suna gaishe ku, Gwaggo ma ta ce lallai in sa sunanta. Ki sa ni a addu'a, ni da bishiyoyina arba'in, ashirin da tara tsofaffi da goma sha ɗaya sababbi.

Wassalam.

Ƙanwarki,
Auta